Turbo ko sufacaja: abin da nake gani a gareji

Ƙaramin gareji gare ni, ni da yarana uku, kuma akasarin aikinmu ƙara wa injin motocin gudu ƙarfi ne. Duk wanda ya zo yana tambaya wanne ya fi tsakanin turbo da sufacaja, nakan fara tambayarsa yadda yake tuƙi, domin aikin na'urorin biyu ɗaya ne, wato cusa iska mai yawa cikin silinda don injin ya ƙona mai fiye da yadda ya saba. Inda suka rabu shi ne abin da ke juya su.

Sufacaja da bel take juyawa daga jikin injin, saboda haka da direba ya taka totur take amsawa, sai dai tana cinye wani kaso na ƙarfin da take samarwa. Ita ce a kan Dodge Challenger Hellcat ta 2015, mai injin lita 6.2 da ƙarfin doki 707. Ɗora ta bai cika ba mu wahala ba.

Turbo kuwa hayaƙin da zai fita ta salansa ne ke juya farfelarta, har ta wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, don haka kusan a banza take samun ƙarfinta. Amma sai hayaƙin ya yi yawa take tashi, kuma wannan ɗan jinkiri, wanda aka san Porsche 911 Turbo ta 1975 da shi, yakan sa ƙarfin ya zo wa direba bagatatan a tsakiyar kwana. Ni dai zafinta ya fi damuna. Na taɓa buɗe wata turbo da mai ita ya saba kashe mota da zarar ya dawo daga gudu, na tarar baƙin mai ya ƙone ya daskare a jikin sandar farfelar kamar gawayi, har sai da muka kankare shi da wuƙa.

Wanda ke yawan tsayawa da tashi nakan ba shi shawarar sufacaja, mai neman ƙarfi a doguwar hanya kuma turbo. Ko wacce ya zaɓa, ba na ɗaura ta sai na auna matsin kowace silinda, na kuma tabbatar akwai gurbin na'urar sanyaya iska a gaban lagireto, domin fistin da ya gaji ba ya jure ƙarin matsi.