Takardar da ke manne a ƙofar firji

A shekararmu ta huɗu a sashen harhaɗa magunguna akwai wani kwas da muka raɗa wa suna "kwas ɗin hutu". Gudanar da harkar magani da ajiyar kaya ake koyarwa a cikinsa: yadda ake cika katin sito, yadda ake ƙiyasta abin da za a sayo, da wanda ke sa hannu a kowace takarda. Malamin dattijo ne mai sanyin murya, lakcarsa kuma ta yamma ce, lokacin da kai ya riga ya ɗau zafi. Mukan jeru a kujerun baya, takardunsa a buɗe a kan tebur, a cinya kuwa muna haddar yadda magani ke aiki a jiki, don a ganinmu can ilimi yake. Aikin akawu, me ya haɗa mu da shi? Da ƙyar na ci jarrabawar, ko a jikina.

Ba wai ina raina abin da muke haddacewar ba ne, har gobe da shi nake aiki. A can na san cewa kowane magani yana da lokacin da rabinsa ke barin jini, kuma sai wannan lokacin ya maimaita kansa sau huɗu zuwa biyar kafin a ce maganin ya fita. A can na san jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, na iya taɓa ƙoda da kunne, shi ya sa kafin a tsayar wa tsoho adadin da za a yi masa ake duba shekarunsa da nauyinsa da gwajin jininsa, a sa su a lissafin ƙiyasta ƙarfin ƙoda da wasu likitoci biyu, Cockcroft da Gault, suka fitar a 1976. Na san mai shan wafarin, maganin tsinka jini, idan aka haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta metronidazol jininsa na iya tsinkewa fiye da kima. Na san metotirezet da ake ba masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya ake shan sa a mako, wanda ya mayar da shi na kullum yana iya rasa ransa. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, duk wannan karatu a kan zato guda aka ɗora shi: cewa maganin yana nan, kuma abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta.

Shekarar sanin makamar aiki ce ta buɗe min ido. An tura ni wani asibiti, aka haɗa ni da shugabar sashen magani, mace mai tsantseni wadda kowa ke kira Hajiya. Cikin ƙananan ayyukan da ta ba ni har da kula da firjin allurai. A ƙofarsa akwai takarda mai gidaje-gidaje, safe da yamma a duba ma'aunin zafi a rubuta. Ƙa'ida ita ce kada ya sauka ƙasa da digiri 2, kada ya haura 8. Makon farko na yi yadda aka ce. Duk lokacin da na buɗe sai in ga 5, ko 4, ko 6. Da aiki ya yi yawa, layi ya miƙe a taga, sai na fara rubuta 5 ba tare da na buɗe ba. Daga baya ma ranar Juma'a nakan cike gidajen Asabar da Lahadi gaba ɗaya, don kada Litinin ta zo a ga giɓi. A raina ba ƙarya nake yi ba, takarda kawai nake gyarawa.

Wata Litinin da safe nas ɗin ɗakin haihuwa ta zo karɓar oksitosin. Ina buɗe firjin na ji babu wannan sanyin da ke bugun hannu. Na jawo ma'aunin daga can ciki: 19. Robar bakin ƙofar ce ta saki, injin yana ta ruri amma sanyin na zurarewa.

Hajiya ta zo ta tsaya. Ta dubi ma'aunin, ta dubi takardar, layin 5 reras tun daga farkon wata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, tun yaushe yake haka?"

Na ce, "Hajiya, ranar Juma'a dai lafiya lau yake."

"Ka buɗe ka gani ranar Juma'ar?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To ka ga, da na san tun daren jiya ne, da na san abin yi. Sai in duba takardar kamfanin kowane magani in ga awa nawa yake jurewa a waje, mu tsira da mafi yawansu. Yanzu ban sani ba ko awa shida ne ko kwana goma. Kai ma ba ka sani ba."

Oksitosin ita ce allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya. Matsalarta, idan zafi ya rage mata ƙarfi ba ta canza kala, ba ta yin gurɓi. Ruwa ne garau kamar yadda ya fito daga kamfani. Ungozoma za ta yi allurar da zuciya ɗaya tana jiran mahaifa ta tsuke. Haka insulin, allurar masu ciwon sukari, da ke gefenta. Duk kimiyyar da na sha hadda ba ta iya gaya min ko kwalaben nan na da sauran amfani. Abin da kawai zai iya faɗa shi ne takardar nan, ni kuma na riga na kashe bakinta. Ranar aka kwashe komai aka killace, aka bazama neman aro a wani asibiti, ungozomomi na ta aike suna tambaya ko an samo.

Na ɗauka kora ce ta biyo baya da aka ce jami'in gudanarwa na nemana. Matashi ne, bai fi ni da shekara biyar ba, digirinsa na biyu a fannin gudanar da harkokin lafiya. Na shiga na ce, "Yallaɓai, laifina ne," don in gajarta zancen. Ya ce ya sani, takardar gargaɗi kuma za ta shiga fayil ɗina, ta kuwa shiga. Sannan ya jawo takarda ya fara tambaya. Wa ke duba firjin ranakun da ba na aiki? Babu. Wa ke bin takardar ya sa hannu a ƙarshen mako? Babu. Me ya sa sai an buɗe ƙofa an zura hannu kafin a ga ma'aunin? Yaushe rabon mai gyara ya duba robar? Cikin mako biyu aka sayo ma'auni mai fuska a waje wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyin da firjin ya kai, aka sa nas mai aikin dare a jadawalin dubawa, aka ƙara gidan sa hannun Hajiya a ƙasan takardar. Ya ce da ni, "In na kore ka na kawo wani, shi ma wata uku zai yi ya fara rubuta 5."

A lokacin na zaci sauƙin hali ne kawai irin nasa. Sai da na koma jami'a, bayan shekaru ina aiki, na yi irin karatun da ya yi, na gane ashe abin da aka koya masa ne. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila James Reason ya kwatanta kariyar da ke cikin kowane tsari da shinge bayan shinge, kowanne da 'yar ɓularsa. Ɓarna na faruwa ne ranar da ɓulolin suka yi saiti. A 1999 wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu, ta kuma ce gyaran tsari ya fi farautar mai laifi amfani. Misalin da ya fi zauna min shi ne na allurar fotasiyam kuloraid mai ƙarfi wadda ba a sirka ba. Ƙaramar kwalba ce mai kama da ta ruwan haɗa allura, idan aka ɗura ta kai tsaye a jijiya zuciya na iya tsayawa nan take. An yi shekaru ana gargaɗin nas-nas su kula, ana ci gaba da yin kuskuren. Abin da ya rage shi a asibitoci da yawa shi ne kwashe kwalaben daga ɗakunan majinyata gaba ɗaya, a bar su a sashen magani. Mai ilimin magani ne ya san haɗarin, amma sai mai riƙe da tsarin asibiti ne ke iya cewa daga yau ba a ajiye shi a nan.

A wannan komawar ne na sake haɗuwa da kwas ɗin hutu, wannan karon a kujerar gaba. Akwai lissafi ɗaya da ya sa na tuna dattijon malaminmu har na ji nauyinsa. A ce a wata guda an fitar da ƙwaya 600 ta wani magani. Mai gaggawa zai rubuta odar 600. Amma in ka duba katin sito ka ga maganin ya yanke kwana 10 cikin 30, to 600 ɗin nan ta kwana 20 ce, ainihin buƙatar wata 900 ce. Wanda ya yi odar 600 ya sayo yankewar wata mai zuwa da hannunsa, haka kuma za a yi ta juyawa, kowa na cewa kuɗi ne babu. Ga kuma lokacin da kaya ke ɗauka daga oda zuwa isowa, wanda dole a ajiye abin da zai riƙe sito a cikinsa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ga dokar jera kaya, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba ko da shi ya zo daga baya. Duk an faɗa mana wannan a aji huɗu, muna can muna hadda.

Kada a ɗauka masu karatun gudanarwa su ne suka gama sani. A ajinmu na digiri na biyu akwai waɗanda ba su taɓa kwana a ɗakin majinyata ba. An ba mu aikin rage kasafin magani na wani asibitin misali, aka ce mu yi amfani da tsarin ABC, wanda ke nuna cewa 'yan kayayyaki kaɗan ne ke cinye mafi yawan kuɗi. Wani abokin karatuna, gwanin lissafi ƙwarai, ya bi jerin ya soke duk abin da ba a fitar da shi sosai. Cikin abin da ya soke har da adirenalin. Hujjarsa, wata shida ba a taɓa ta ba, rabinta ma wa'adinta ƙarewa yake a kan kanta. Na ce masa ranar da aka yi wa wani allura jikinsa ya ƙi ta, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, mintoci ne tsakaninsa da mutuwa, kuma wannan kwalbar ce ake nema. Shi ya sa ake haɗa ABC da wani rabon na dabam, wanda ke ware maganin ceton rai, da mai muhimmanci, da wanda za a iya haƙura da shi. Wannan rabon kuwa ba a yin sa da kwamfuta kaɗai, sai an zauna da wanda ya san aikin kowace kwalba.

Haka batun sayen mafi araha. A takarda daidai ne, odita ma zai yaba. Amma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci. A 1937 wani maganin ruwa da aka narka da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, abin da ya jawo dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da amincin magani kafin a sayar. Shekara 85 bayan haka, a 2022, aka sami wannan sinadarin a magungunan tari da aka alaƙanta da mutuwar yara fiye da 60 a Gambiya. Jami'in da ya ga layin tantance mai kawo kaya a kasafi ya ce ɓarnar kuɗi ce, bai san wannan tarihin ba ne, a jami'a kuma ya kamata a ce ya ji shi.

Abin da ke ba ni haushi da tsarin karatun shi ne yadda aka raba gida. Kwalejin harhaɗa magunguna ta Filadelfiya tun 1821 aka kafa ta. Digirin gudanar da asibiti kuwa sai 1934 Jami'ar Chicago ta fara shi. Kowanne ya girma a tsakar gidansa. Fannin magani ya yi ta matsowa kusa da gadon majinyaci, musamman bayan 1990 da wasu masana fannin, Hepler da Strand, suka yi kiran mai harhaɗa magani ya ɗauki alhakin sakamakon maganin a jikin mai shan sa, ba miƙa ƙwaya ta taga kaɗai ba. Madalla da hakan. Sai dai alhakin sakamako yana farawa tun daga sito, kuma ni a shekarun da na yi a digirin farko ban taɓa zama aji ɗaya da ɗalibin gudanarwa ba, alhali ofis ɗaya za mu yi ta zarya har mu yi ritaya. Da ni ke tsara manhaja, da na tura ɗalibin gudanarwa ya yi wata guda yana bin nas a aikin dare, ɗalibin magani kuma ya zauna a kwamitin sayen kaya ya ga yadda ake jan zare kafin a saki kuɗi.

Yanzu ni ake turo wa ɗalibai. Ranar farko ba na tambayar su yadda magani ke aiki, na san sun iya. Firji nake kai su, in nuna musu takardar, in ba su labarin layin 5 ɗina ba tare da na rage komai ba. Wasu su yi dariya, wasu su yi tsuru-tsuru.

Kwanakin baya wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare waya ta tashe ni. Wata ɗaliba ce da ke aikin dare, muryarta na rawa.

"Malam, ka yi haƙuri na tashe ka. Ma'aunin ne ya nuna 9. Na rubuta 9 ɗin, na kewaye da jan biro. Ƙarfe takwas 6 ne."

Na ce ta daina buɗe ƙofar, ta jera ƙanƙarar roba a akwatin sanyi ta bar ta ta fara gumi kafin ta sa allurai, don insulin in ta daskare ta lalace. Na ce ta rubuta lokacin da ta kwashe su. Sannan na lalubo takalmina a duhu.