Alhamis: na shimfiɗa wa Baba taswirar bakin teku

Ruwa ya sauka da asuba, bai ɗauke ba sai hantsi, don haka ban leƙa gona ba. Yau ranar kasuwar Dole ce, sai na bi ta can na sayi goro da ganyen shayi, na wuce gidanmu a Birni da tsohuwar taswirar da nake koya wa yara darasi da ita naɗe a hammata. Tun da aka ba mu hutu maganar nan ke cin raina, yau na ce sai an yanke ta.

So nake in kai Baba bakin teku. Ƙuruciyarsa duk a kan sitiyarin kamyo ta ƙare, tsakanin Damagaram da Paraku ta ƙasar Benin, zamanin da jirgin ƙasa ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano ya sauke a can, motocinmu su kwaso zuwa Nijar. A Paraku layin dogo ya tsaya, a nan tafiyar Baba ma take tsayawa. Shinkafa, sukari, ƙarfen gini, duk abin da ya keto teku ya ɗora shi a bayan motarsa, amma ruwan kansa bai taɓa sa shi a ido ba. Kilomita 438 ne tsawon layin daga Paraku zuwa Kwatano, kuma su ne suka rage masa har tsufa ya zo.

Na shimfiɗa taswirar a kan tabarma, na danne gefunanta da kofunan shayi. Baba bai nemi tabarau ba. Ya ɗora yatsa a kan Damagaram ya fara jan sa yamma yana kiran garuruwa da ka: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai ya karya kudu, Gaya, Malanbil, Kandi. Kowane gari da abin da ya tuna, inda taya ta taɓa fashe masa, inda ake sayar da tuwo mai kyau da tsakar dare. Da farcensa ya kai Paraku sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, Malam, daga nan kai ne direba."

Matsalar farko gadar Gaya ce, wadda ta haɗa Nijar da Benin. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 motoci ba sa ƙetare ta, mutane a kwale-kwale suke haye kogin Isa. Ke nan motata ba za ta je ba. Na kawo shawarar mu bi ta Matamai mu faɗa Daura da Kano, mu gangara Legas, mu shiga Benin ta Seme. Baba ya girgiza kai. Daga Kano zuwa Legas kaɗai kusan kilomita 1,000 ne, ga canjin naira, ga cunkoson da ba zai iya da shi ba. Ya fi son hanyar da ya sani. Muka tsaya a kan mu hau bas zuwa Gaya, mu kwana, mu haye da safe a babban jirgi mai inji, wanda ba a cika shi maƙil ba. A ƙarshen damina kogin yana cika sosai, kuma gwiwoyin Baba ba kamar da ba. Wannan wurin ne kaɗai ke sa gabana faɗuwa a duk tafiyar.

Muna cikin haka Kawu ya yi sallama. Da ya ji zancen sai ya ce wa ke barin gida da damina? A bari sai Disamba mana, an gama girbi, hanya ta bushe. Na ce, "Kawu, ranka ya daɗe, Disamba kowa yake zuwa." Daga ƙarshen shekara zuwa Janairu masu hutu ke cika bakin tekun, ga bikin addinin gargajiyar Vodun da ake yi a garin Wida na bakin tekun cikin watan Janairu, ɗakin kwana ya yi tsada, Baba kuma ba mai son hayaniya ba ne. Ban da haka, daminarsu ba irin tamu ba ce. Sau biyu suke samun ruwa a shekara: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarami daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu akwai ɗan rani mai sanyi da gajimare. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba nake hari. A lokacin mun gama maimai, gero bai isa girbi ba, makaranta ba ta koma ba. Kawu ya tauna goronsa ya ce shi dai Allah Ya kiyaye hanya.

Bayan azahar na kira ɗan Kawu da ke sayar da tayoyi a Zangon Kwatano, na sa wayar a amsa-kuwwa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce masauki a gidansa ne, mota kuma zai samo mana ta wani abokinsa. A cewarsa a irin wannan lokacin masu masauki a Gran-Popo, wani gari na bakin tekun, suna sauraron ciniki, abin da ba sa yi a Disamba. Ya ja mini kunne kan abu biyu. Kada in ɗora Baba a kan kabu-kabun garin, masu rawayar riga da suke kira zemijan. Kuma kada kowa ya shiga ruwan ya wuce idon sawu, don igiyar tekun nan tana ja da ƙarfi, har ƴan garin tsoronta suke.

Tafiyar bakin tekun kanta gajeriya ce. Daga Kwatano zuwa Lome wajen kilomita 150 ne, bai kai nisan nan zuwa Maraɗi ba. Mai sauri zai yi ta kafin azahar. Mu a hankali za mu bi ta: Wida, Gran-Popo inda kogin Mono ke shiga teku, iyakar Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aneho wadda ta riƙe hedikwatar Togo zamanin Jamusawa har 1897, sannan Lome. Kuɗi ba matsala, sefa ɗaya ce a ƙasashen uku.

A kan Wida muka daɗe. Kilomita 40 ne kacal yamma da Kwatano. Akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721, ba su bar ta ba sai 1961. Daga cikin gari hanya ta miƙe wajen kilomita 4 zuwa bakin ruwa, ta nan ake kora bayi a ɗaure zuwa jirage, kuma a ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995. Kawu ya ce garin matsafa ne, me musulmi zai je yi? Na ce baƙi za mu je, da ladabin baƙo, kuma akwai musulmi da masallaci a garin. Sannan na gaya musu abin da nake gaya wa ɗalibaina kowace shekara. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar akwai Hausawa, aka kai su Bahiya a Barazil. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a can. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi musulmi suka yi bore a birnin Salbado na Bahiya, aka tarar da layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba na ɓoye wa yaran cewa mu ma nan Damagaram an sayar da mutane, aka bi da su arewa ta Sahara. Na sha faɗin wannan a gaban allo, amma ina ganin malamin da ke koyar da shi ya kamata ya taka hanyar da ƙafarsa.

Baba ya yi shiru yana juya tasbaha. Can ya tambaya ko ana barin mutum ya zauna a wurin. Na ce rairayi ne buɗaɗɗe. Ya ce to a tafi da buzunsa, zai yi musu addu'a.

Da na dawo gida da magariba maman yara ta riga ta shirya nata saƙon: busasshen kifi, man ja, da turmin atamfa daga babbar kasuwar Lome, inda matan nan ƴan kasuwar atamfa da ake kira Nana Benz suka yi suna. Babbar ƴarmu kuwa ta kafe sai an je da ita, ta ce ita ma a littafi kawai ta san teku. Raina yana son in tafi da ita, kwale-kwalen nan ne ke hana ni amsawa. Na ce ta bari in yi shawara da kakanta.

Gobe da sassafe, kafin a tashi don Juma'a, zan kai Baba a yi masa allurar shawara a ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa, don ana tambayarsa a iyaka. Katinsa na ɗan ƙasa ma na duba, wa'adinsa ya ƙare, sai an sabunta. Wannan sai Litinin, in Allah Ya kai mu.