Kafasitar da ke dawo min da aiki

A shagona na gyaran talabijin da dikoda a Sabon Garin Kano, idan aka kawo filasma tana ƙyafta jar wuta ta ƙi tashi, kafin na taɓa mita sai na leƙa fanel ɗin wuta. Sau da yawa ga ta nan: kafasita, ƴar gwangwanin nan da ke tara wuta, ta kumbura, kanta ya yi tozo, wani lokacin har ta yi zawo a ƙasa.

Cire ta ba wahala. Wadda za a mayar ita ce rigimar.

Lamba biyu kowane yaron shago ke dubawa a jikinta: µF, wato yawan wutar da take tarawa, da V, wato ƙarfin wutar da take iya ɗauka. Idan an rubuta 1000µF, a nemo 1000µF. Idan 16V ce, ana iya sa 25V in dai za ta zauna a gurbin, amma ba a sauka ƙasa. Ta ukun ce ake tsallakewa, ni ma na daɗe ina tsallake ta: 85°C ko 105°C, wato iyakar zafin da take jurewa. Lokacin da nake sabon buɗe shago na sayi leda guda ta masu 85 don araha. Aiki ya yi kyau, masu kaya suka biya suka tafi. Da zafin Afrilu ya shigo sai ga su ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya dire tasa a kan benci ya ce, "Malam, gyara ka yi ko lallashi?" Kyauta na sake masa. A ƙa'ida, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan irin wannan kafasita biyu, ga ɗakunanmu na kwano ba fanka.

Yanzu a fanel ɗin wuta mai 105 kawai nake sawa, kuma mai ƙaramin ESR, wato wadda ba ta turje wa wuta sosai a cikinta, Rubycon ko Nichicon ko Panasonic. Sai dai jabu ta cika kasuwa. Za ka ga sunan a jiki, ka ɗaga ka ji ta sakayau. Shi ya sa ban raina tsohon fanel ba. Wadda na ciro daga ciki na gwada a mita ta fi min sabuwar da ban san asalinta ba.

Yaran kuwa abu biyu nake nanata musu. Zanen da ke gefen kafasita ƙafar negatib yake nunawa, in ka juya ta za ta fashe maka a fuska. Babbar nan mai 400V ko 450V kuma tana riƙe wuta sama da 300V ko an zare soket, don haka akwai ƙwan fitila mai waya biyu rataye a ƙusa kusa da benci, da shi ake sauke ta kafin kowa ya sa hannu.