Gram 250 da jirgina na balsa

Da hannuna na haɗa ƙaramin jirgin saman nan na rimot da icen balsa marar nauyi, a garejin gidan da nake haya a nan Amurka. Ba kyamara, ba GPS, ba ya iya dawowa da kansa. In na kau da ido kaɗan, sai dai in je in tsinto shi a ciyawa. Amma a idon doka, shi da jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu, wanda ake saya a kanti a tashe shi a ranar, duk kanwar ja ce, tunda kowannensu ya haura gram 250, iyakar nauyin da doka ta sa.

Rajista ba ta dame ni ba, dala 5 ce ta shekara uku. Jarrabawar TRUST ta masu tashin jirage don nishaɗi kuma kyauta ake yin ta a intanet. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙa'idar Remote ID da ta fara aiki a Satumba 2023: ko dai jirginka ya riƙa shelar lambarsa da inda yake, ko ka tsaya a filayen da aka amince da su, waɗanda ake kira FRIA. Filin da muke tashi ba ya cikinsu, dole na sayi 'yar na'urar GPS mai yin shelar. Wurin da ya rage a cikin jirgin bayan fiffike ne, nauyi ya koma wutsiya. Ina sakin sa ya ɗaga hanci, ya tsaya cak a iska, ya faɗo ta gefe. Fiffiken da na yi sanyin hunturu ina gogewa ya rabu biyu. Jirgin da bai taɓa sanin GPS ba, doka ta sa na cusa masa, shi ne kuma ya karya shi.

Na san tsoron hukumomi yana da tushe. A Disamba 2018 rahoton ganin jirgi marar matuƙi ya tsayar da filin jirgin Gatwick a Ingila, tafiye-tafiye kusan 1,000 suka lalace. Sai dai nauyi ba shi ne ma'auni ba. Sashe na 336 na dokar jiragen sama ta 2012 ya ware mu masu tashin ƙananan jirage don nishaɗi, Majalisa ta soke shi a 2018, aka haɗa mu da kowa. Ƙungiyar AMA ta masu ƙananan jirage kuwa tun 1936 take, dattawanta sun tsufa suna tashin jirage kan idonsu. A tambayi jirgin ne: yana iya tuƙa kansa? Yana iya wuce inda ido ke gani ya ci gaba da tafiya? Wanda ya iya, a tsananta masa. Wanda bai iya ba, a bar shi da rajista da iyakar ƙafa 400 a sama.

Ɗan'uwa, kafin ka yanka ice, nemi FRIA mafi kusa da kai. In babu, ka tanadi wurin na'urar a gaban fiffike tun a zane, ka ɗora jirgin kan yatsu biyu ka sake duba daidaitonsa bayan ka saka ta. Wanda nake haɗawa yanzu ba zai kai gram 250 ba.