Shekara guda ina auna iskar da muke shaƙa

Tarin 'yata ne ya jefa ni cikin wannan aiki. Duk shekara da sanyi ya kama sai ƙirjinta ya riƙe, musamman da asuba. Likita ya ce asma ce, mu lura da abin da take shaƙa. Ni kuwa a raina na ce, iskar wa ta fi tamu? Garinmu ƙarami ne, a cikin kwari, tsaunuka hagu da dama, ba masana'anta, motocin ma ana iya ƙirga su. Sai na sayi 'yar na'ura mai auna ƙwayoyin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5. Faɗin ƙwaya ɗaya bai wuce mikron 2.5 ba, sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi, shi ya sa suke zarcewa har can cikin huhu.

Watan farko a banza ya tafi. Kusa da tagar madafi na rataye na'urar, ashe girkinmu nake ta aunawa. Da na mayar da ita bayan gida, a inuwa, sannan abu ya fito fili: lamba takan fara hawa bayan faɗuwar rana, ta kai ƙololuwa wajen asuba, ta sauko da hantsi. Kuma dare mafi muni shi ne wanda ido ya fi so, sama garau, taurari fal, ko ganye ba ya motsi.

Wata safiya na ɗauki ma'aunin zafi na hau tsaunin da ke gabas da mu. A gindinsa haƙorana har haɗuwa suke. Ban kai rabi ba na cire rigar sanyi. Na ɗauka wahalar hawa ce, amma ma'auni ya nuna saman ya fi ƙasan ɗumi, alhali a ƙa'ida zafi raguwa yake da kusan digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau. Da na waiwaya sai ga hayaƙin wata bola da aka cinna wa wuta. Ya miƙe zar kamar igiya, ya ɗan haura dogayen bishiyoyi, sai ya karye ya shimfiɗe a kan rufin gidaje, kamar ya bugi silin ɗaki. Na fi minti goma a tsaye ina kallo.

Ga abin da ke faruwa. In babu gajimare, ƙasa takan saki zafinta da dare ta huce, iskar da ke kanta ma ta huce. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta gangaro daga tsaunuka ta taru a kwari kamar ruwa a kwano, mai ɗumi ta zauna a kanta ta zama murfi. Duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa safiya a cikin kwanon nan yake kwana, tare da mu.

Irin wannan murfi ya taɓa yin kisa. A watan Oktoba na 1948, a Donora, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Monongahela a Amurka, ya danne hayaƙin masana'antun ƙarfe na kusan kwana biyar, mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta. Sai da aka yi ruwan sama iska ta washe. Namu bai kama ƙafar wannan ba, amma a tsakiyar sanyi ranaku da dama sun haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021, wato mikrogiram 15 na PM2.5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin sa'o'i 24.

Damina kam hutu ce, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke sama. Sai dai na'urar ta taɓa tsorata ni ranar da hazo mai laima ya sauka: ƙwayoyin sukan sha danshi su kumbura, ƙananan na'urori kuma su ƙirga fiye da gaskiya. Tun daga ranar nake rubuta yanayin gari a gefen kowace lamba.

Yanzu tagogi a rufe suke kwana, sai rana ta ɗaga muke buɗewa, kuma na daina fita gudu da asuba. Maƙwabcinmu dattijo, mai ƙona shara kullum da magariba, na je na durƙusa na ce, "Baba, da za ku riƙa ƙonawa da rana tsaka, da hayaƙin ya samu hanyar fita." Ya yi dariya ya ce hayaƙi ai sama yake yi. Na nuna masa hoton da na ɗauka daga kan tsauni. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Wannan ba rufin gidana ba ne?"