Saƙa bayan gani ya ragu

Raunin gani ba ya ƙwace wa yatsu motsin da suka haddace. Lissafi ne yake fara kuɓucewa. Mayafin da aka soma da madauki 40 sai ya koma 34, gefensa ya karkace, ba a ankara ba.

A saƙar kwarashi, yawancin wannan asara a bakin layi take faruwa, don madaukin farko da na ƙarshe matsattsu ne, sukan kwanta su ɓuya. Da zarar kin saƙa na farko, maƙala masa fil mai makulli, ki yi wa na ƙarshe haka. Idan kin juyo, yatsa zai ci karo da fil ɗin, nan za ki zura kwarashi. A tsakiya ki sa alama duk bayan madauki 10, ta yadda in ƙirge ya rikice goma kawai za ki sake ƙirgawa. Layuka kuwa, kofi biyu da maɓallai sun isa: kin gama layi, ki mayar da maɓalli ɗaya daga wannan kofi zuwa wancan.

Zare mai gashi-gashi a haƙura da shi, komai kyansa. Yana rufe ramin madauki, warwararsa kuma azaba ce. Ki nemi mai kauri, mai santsi, mai launi ɗaya mai haske, wanda aka murɗa sosai, domin mai sako-sako yana rabewa biyu a bakin kwarashi. Kwarashi mai milimita 6 zuwa 8 ya fi, launinsa ya saɓa da na zaren. Shimfiɗa ƙyalle mai duhu a cinya, fitila kuma ta zo ta kafaɗar hagu in da dama kike saƙa, kada inuwar hannu ta faɗa kan aikin.

Saƙar allura biyu ta fi haɗari, tunda duk madaukan a buɗe suke, ɗaya ya zame sai ya yi ta warwarewa ƙasa. Allurar gora ta fi ta ƙarfe riƙe zare. Duk bayan layi 6, zura wani siririn zare mai santsi ta cikin madaukan da ke kan allura, ki bar jelarsa waje. In ɓarna ta auku, zare allurar ki warware, a kan siririn zaren nan warwarar za ta tsaya, sai ki bi shi da yatsa ki kwashe madaukan ɗaya bayan ɗaya.