Tambayar da ta tsaya mini a rai yau

Yau na shiga zauren ƙaramar hukumarmu a nan Ingila, inda kansiloli uku suka zauna kan buƙatar mayar da lasisin wata mashaya da ke layinmu zuwa sunan wani mutum daban. Ma'aikatar cikin gida ce ta ƙi amincewa, don tun 2017 doka ta ba ta damar sa baki idan tana fargabar za a ci gaba da ɗaukar marasa izinin aiki. Jami'anta sun taɓa kama irinsu a kicin ɗin wurin, ga shi mai neman lasisin ƙanen tsohon mai wurin ne. Aka yi ta maganar takardu da tara, wadda yanzu kan kai fam 45,000 a kan ma'aikaci ɗaya a laifin farko. Can sai wata dattijuwa cikin kansilolin ta dubi lauyan mai neman lasisin ta ce: nawa ake biyan mutanen nan a awa, kuma an ba su kuɗin watansu na ƙarshe? Lauya ya waiwayi mai gida, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Kansilolin sun ƙi canjin, kuma na ga daidai ne, don sauya suna a takarda bai sauya mai juya wurin ba. Amma wallahi tambayar nan ta tsaya mini a rai. Bayin Allah sun yi ta wanke-wanke har tsakar dare, ba su da bakin kai ƙara, an tafi da su. Tarar ma aljihun gwamnati za ta shiga. Har yanzu haƙƙin guminsu na hannun wanda ya sa su aikin.